Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Sharhi Kan Hotunan Na'ura da Masu Ba Ta Umarni

A wani zaman karatu da muka yi kwanakin baya, biyu daga cikin mambobinmu sun zo da sababbin littattafansu domin a yi musu sharhi kamar yadda aka saba. To amma sai zancen ya ƙi shiga cikin littattafan, ya tsaya a kan bangonsu har aka kira sallar Magariba. Dalili kuwa shi ne babu hannun mai zane a ko ɗaya daga cikin bangon biyu, babu kuma na mai ɗaukar hoto. Na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira ce ta fito da su, wadda mutum zai rubuta mata abin da yake son gani, kafin ya ƙifta ido ta miƙo masa hoto. Manhaja ɗaya suka yi amfani da ita, labaran nasu kuma duk na soyayya ne a birnin Kano, amma duk wanda ya dubi hotunan nan biyu zai rantse ba daga tukunya ɗaya aka kwaso su ba.

A bango na farko, wata budurwa ce fara sol, an yafa mata wani abu mai kama da sarin matan Indiya, ga sarƙa ta sauko daga tsagar gashinta zuwa goshi. A bayanta akwai gini mai ƙubba wanda ya fi kama da na Maroko ko Turkiyya. Shi kuwa saurayin an naɗa masa rawani mai kunnuwa biyu, alhali a cikin labarin ɗan tireda ne, kuma kowa ya san a Kano naɗin kunne biyu na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta. A bango na biyu, yarinya ce wankan tarwaɗa, sanye da riga da zani na atamfa, gyalenta ya zame daga kafaɗa ɗaya kamar yadda yakan zame idan mace ta ɗan sunkuya, tana tsaye a ƙofar zaure da la'asar sakaliya. Da muka bincika, sai muka ji marubucin farko layi ɗaya ya rubuta wa na'urar da Turanci, cewa yana son kyakkyawar Bahaushiya da masoyinta, ya kuma karɓi abin da aka fara ba shi. Marubuciya ta biyu kuwa tela ce, ta shekara goma sha wani abu a kan keke, ta kuma yi kwana huɗu tana mayar wa na'urar da aikinta.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tsaya mu yi nazarin al'amarin, domin kuwa maganar da ake yawan yi ita ce wannan na'ura ta daidaita kowa, wai yanzu da gwani da ɗan koyo duk ɗaya ne. Za mu auna wannan magana da wasu ayyuka uku da suka tayar da ƙura a duniya. Batun hukuncin zanen mai rai kuwa mun bar wa malamai, ba fagenmu ba ne.

Kafin nan, yana da kyau mai karatu ya san yadda abin yake aiki, ko da a taƙaice. Ana tara wa na'urar hotuna masu ɗimbin yawa daga intanet, kowane da ɗan rubutun da aka samu a gefensa. Sai a riƙa ɓata kowane hoto da ɗige-ɗige, irin waɗanda allon talabijin yake nunawa a da idan tasha ta rufe, ana koya mata yadda za ta share ɗigon ta dawo da hoton. Idan ta ƙware, sai a ba ta ɗige-ɗige zalla tare da 'yan kalmomi, ita kuma ta yi ta sharewa har wani hoto ya bayyana wanda ya dace da kalmomin gwargwadon abin da ta saba gani. Ke nan duk abin da mai umarni bai faɗa ba, na'urar za ta cike gurbinsa da abin da ya fi yawa a rumbunta. A shekarar 2022 ne irin waɗannan manhajoji suka shigo hannun jama'a sosai, wato DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion.

A watan Agusta na wannan shekara ta 2022, wani Ba'amurke mai suna Jason Allen ya ci gasar zane ta bikin baje kolin jihar Kolorado, a rukunin zanen kwamfuta, da wani hoto da ya kira Théâtre D'opéra Spatial. Kyautar ba ta wuce dala 300 ba, amma surutun da ta jawo ya zagaye duniya, saboda da Midjourney ya yi shi. Hoton wani makeken zaure ne mai ado irin na fadojin Turai, ga wasu mutane cikin dogayen riguna sun ba mu baya, suna fuskantar wata ƙatuwar taga mai da'ira wadda haske yake kwararowa ta cikinta. Allen ya ce ya sake umarni aƙalla sau 624 kafin ya sami abin da yake so, sannan ya gyara shi da Photoshop, ya ƙara masa girma da wata manhajar, ya buga shi a kan ƙyalle.

Ko shakka babu hoton yana da kwarjini a kallon farko. Zubinsa da tsarinsa sun tsayu, ido yana tafiya kai tsaye zuwa tagar nan. To amma idan aka matsa kusa, sai a ga adon bangon ya narke ya zama kwaɓaɓɓen abu, mutanen kuma babu wanda za a ce ga abin da yake yi ko abin da ya kawo shi. Sana'ar Allen ita ce ƙirƙirar wasannin tebur masu labaran almara, kuma hoton nasa ya fito da kamannin wannan duniyar sak: girma, da ƙawa, da ban mamaki, irin na murfin akwatin wasa. Abin da idonsa ya saba so shi ya yi ta zaɓa har sau ɗari shida da ɗoriya. A nan ne muka fara ganin bakin zaren. Na'urar tana miƙo hotuna da yawa a kowane umarni, mutum ne yake cewa wannan ya yi, wancan bai yi ba, kuma wannan zaɓen ba ya wuce iyakar abin da mutum ya sani.

Aiki na biyu ya fi jan hankalinmu, saboda mai shi tsohon hannu ne. Boris Eldagsen Bajamushe ne mazaunin Balin, wanda ya shafe shekaru sama da ashirin yana ɗaukar hoto yana kuma koyar da shi. A shekarar 2023 wani hotonsa mai suna The Electrician, wato mai gyaran lantarki, ya zo na ɗaya a wani rukuni na gasar hotuna ta duniya da kamfanin Sony yake ɗaukar nauyi. A wajen bikin ba da kyautar a Landan, cikin watan Afrilu, sai ya hau dandamali ya ce ba zai karɓa ba, domin abin da ya kawo ba kyamara ce ta ɗauke shi ba, ya shiga ne don ya gwada ko masu shirya irin waɗannan gasa sun shirya wa zamanin da ya zo. Hoton na cikin wani jerin aiki da ya raɗa wa suna Pseudomnesia, ma'ana tunawa da abin da bai taɓa faruwa ba.

Mata biyu ne a hoton, babu launi, kamar an ɗauke su a shekarun 1940. Ƙaramar tana gaba, idonta ya kauce daga mai kallo, babbar kuma ta laɓe a bayanta ta dafa kafaɗunta, fuskarta a murtuke. Uwa da 'ya ne? Ko kuwa mace ɗaya ce da tsufanta yake biye da ita? Hoton bai ba da amsa ba, kuma a nan ƙarfinsa yake. Wanda ya lura da kyau zai ga yatsun hannun ba su zauna daidai ba, wanda shi ne tabon da aka fi gane hotunan na'ura da shi a wancan lokaci. Duk da haka ya wuce ta gaban alƙalai ya zo na ɗaya. Me ya sa? Saboda mai shi ya san yadda haske yake sauka a fuska a ɗakin ɗaukar hoto na wancan zamani, ya san yadda tsohuwar takardar hoto take dusashewa, ya san inda ya kamata idon mace ya kalla don zuciyar mai kallo ta tsinke. Shi da kansa ya sha faɗa a hirarraki cewa wannan fasaha ta fi yi wa masu tsohuwar ƙwarewa rana, tun da ilmin da mutum ya tara shi ne kayan aikinsa. Idan muka jera hoton Allen da na Eldagsen, za mu ce na farko ya ƙayatar, na biyu kuwa yana da jigo. Marubuta sun san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun, don mun sha karanta littafi mai daɗin hausa wanda idan aka rufe shi ba a tuna komai.

Na uku ɗan ƙasarmu ne, Malik Afegbua, mai shirya fina-finai a Legas. A ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ya fitar da jerin hotunan wasu dattawa baƙaƙen fata, maza da mata, da furfurarsu, suna taku a dandalin nuna kayan ƙawa cikin shiga ta alfarma. Mutane da yawa sun ɗauka bikin ya faru da gaske. Ya bayyana cewa rashin lafiyar mahaifiyarsa, wadda ta sami shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa ya fara tunanin nuna tsofaffi cikin mutunci da farin ciki, maimakon yadda aka saba nuna su cikin wahala. Wannan tunani ba ya cikin rumbun kowace na'ura, daga ɗakin jinya ya fito. Idonsa na mai fim kuma ya nuna a yadda ya tsayar da kowane dattijo da yadda ya haska shi.

Sai dai muna da 'yar magana a kan tufafin. Suna da kyau matuƙa, amma da wuya mutum ya nuna ɗaya ya ce wannan shigar mutanen wuri kaza ce. An ɗebo ɗauri daga nan, murjani daga can, an haɗa da kwat irin ta Turawa, sai aka sami wata Afirka ta kowa da kowa wadda ba ta da unguwa. A wajen Afegbua wannan ba laifi ba ne, tun da bikin ƙawa ya ƙirƙira, kuma a irin wannan fage gauraye ado ne. Amma ga marubucin da labarinsa ya faru a Fagge ko Tudun Wadar Zariya ko Damagaram, irin wannan gaurayen shi ne ainihin cutar da ta kama bangon farko da muka ambata.

Daga ina cutar take? Ɗaya daga cikin manyan rumbunan da aka horar da irin waɗannan na'urori da su, mai suna LAION-5B, yana ɗauke da hotuna sama da biliyan biyar da rubutunsu, kuma fiye da biliyan biyu daga ciki da Turanci aka yi musu bayani. Sauran harsunan duniya su suka raba mafi yawan ragowar. Hoton babbar riga idan ya shiga irin wannan rumbu, da wuya a same shi da sunansa na gaskiya, sai dai a ce masa tufafin gargajiya na Afirka. Babu wanda ya rubuta a gefensa cewa wannan aska takwas ce, waccan aska biyu, wannan saƙi ne, wancan tsamiya, wannan hular zanna bukar ce, waccan haɓar kada. A shekarar 2023 mujallar Rest of World ta sa Midjourney ta yi hotuna 3,000 na mutane da gidaje da tituna da abinci na wasu ƙasashe, har da Nijeriya, sai aka ga tana maimaita siffa guda ga kowace al'umma: Ba'indiye kusan kullum tsoho ne mai gemu, mutumin Meziko kuma da malafarsa. Saboda haka idan aka ce mata Bahaushiya aka yi shiru, za ta laluba ta ɗauko abin da ya fi kusa a wajenta, wato mace mai lulluɓi daga ko'ina cikin ƙasashen Musulmi.

A nan ne telar nan ta yi wa abokin aikinta nisa. Da na'urar ta ba ta mayafi mai sheƙi, ta san ba haka gyale yake kwanciya ba, sai ta bayyana mata nauyin yadin da inda yake tattarewa. Da ta ba ta ɗaurin kai irin na matan Yarbawa, ta gane nan take, ta mayar. Da aka zo kan zaure, na'urar ta yi ta kawo mata bukkoki masu jinka, har sai da ta je ta ɗauki hoton wani tsohon soro mai zankwaye da wayarta ta ɗora mata ta ce ga irin abin da take nufi. Turancinta bai fi na marubucin farko ba, hasali ma shi ya fi ta zurfin karatun boko. Abin da ta fi shi shi ne ta san lokacin da aka yi mata ƙarya. Shi kuwa da muka nuna masa kunnuwan rawanin, sai ya ce wallahi bai lura ba, shi dai ya ga hoton ya yi kyau. Ruwa kam akwai shi a rijiyar, ko da gurɓatacce ne, guga ne bai kai ba.

Ba za mu ɓoye ba, akwai rashin adalci a cikin lamarin. Muna da marubuta, musamman mata da suka fito ta hanyar makarantun Islamiyya da na yaƙi da jahilci, waɗanda za su iya siffanta ɗakin amarya da Hausa har mai karatu ya ji ƙamshin turaren wuta, amma Turancinsu bai kai su yi wa na'ura wannan bayanin ba. Gaskiya ne abin ya ɗan yi sauƙi. Tun daga 2023, da aka haɗa DALL-E 3 da ChatGPT, mutum yana iya yin magana yadda ya saba, manhajar ta sake tsara umarnin da kanta, wasu ma suna karɓar Hausa gwargwadon hali, kuma matsalar yatsu ta ragu ƙwarai. To amma wannan sauƙin yana da nasa haɗarin, domin manhajar da take gyara maka magana tana iya cusa abin da ba ka ce ba, hoton kuma ya fito sumul ta yadda kuskuren ciki zai fi wuyar ganewa. A da hannu mai yatsu shida yakan tona asiri. Yanzu sai wanda ya san dagi daga zanen da ya yi kama da dagi.

Akwai kuma tambayar da ta fi shafar aljihunmu: idan ƙwarewar mutum tana tasiri haka, ashe hoton nasa ne? Ofishin kare haƙƙin mallaka na Amurka ya ce a'a ga Jason Allen a watan Satumba na 2023, duk da umarninsa 624, shi kuma ya garzaya kotu a 2024. Kafin nan, a watan Fabrairu na 2023, ofishin ya yanke irin wannan hukunci a kan wani littafin labari mai hotuna na Kris Kashtanova, Zarya of the Dawn: rubutun da yadda aka jera hotunan na mai littafin ne, amma su hotunan da Midjourney ta yi ba su da kariya. A farkon 2025 ofishin ya sake nanata cewa umarni kaɗai bai isa ya mai da mutum mai aikin ba. Wannan dokar Amurka ce, ba tamu ba, amma hujjar da ke cikinta abar dubawa ce. Mu a ganinmu misalin bai wuce na mai kai ɗinki ba. Wanda ya san yadi, ya san aiki, ya iya yi wa tela bayani, ya kuma iya mayar da riga idan wuya bai zauna ba, lalle zai fi kowa fita kunya ranar salla. Amma ba a taɓa jin an kira shi maɗinki ba. Inda za a fara kiran sa haka shi ne ranar da ya ɗauki allura da kansa, kamar yadda Allen ya yi a ɗan abin da ya gyara da Photoshop, ko telarmu da ta shigar da hoton da ita ta ɗauka.

Wannan ya kawo mu ga mutanen da ba a gayyata zaman namu ba, wato masu zane. Waɗanda suka yi karatun littattafanmu na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990 suna tune da bangon da ake zanawa da hannu. Wani lokaci hannun tauraruwar yakan fi ƙafarta tsawo, motar ma takan karkace, amma ba a taɓa kuskuren ɗaurin ɗankwali ba, domin mai zanen a cikin masu ɗaurin ya tashi. Daga baya kwamfuta ta zo aka koma yanko fuskokin 'yan fim ana mannawa, aikinsu ya ragu, yanzu kuma ga wannan. A Turai masu zane irin su Greg Rutkowski na ƙasar Folan sun koka a kan yadda dubban mutane suke sa sunansu a cikin umarni don na'ura ta kwaikwayi salonsu ba da izininsu ba. Namu masu zanen ko wannan darajar ba su samu ba, tun da ayyukansu ba su shiga rumbun da sunayensu ba balle a kwaikwaya. Alhali kuwa idan abin da muka gani a aikin Eldagsen gaskiya ne, babu wanda ya fi su cancantar zama a gaban wannan na'ura. Mutumin da ya shekara talatin yana zana babbar riga ya san yadda take tattaruwa a kafaɗa idan an naɗe hannunta, kuma zai iya gyara abin da na'urar ta ɓata da alƙalaminsa, abin da marubuci ba zai iya ba.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce a nemo biyu ko uku daga cikin tsofaffin masu zanen nan a zama na gaba, a haɗa su da matasanmu masu riƙe da waya, a ɗora bangon littattafai a tebur a yi musu sharhi kamar yadda ake yi wa labari. Muna kuma roƙon duk wanda ya yi bangonsa da na'ura ya rubuta haka a shafin haƙƙin mallaka, a wurin da a da ake sa sunan mai zane. Shi marubucin farko ya riga ya buga kwafi ɗari biyar da rawanin nan mai kunnuwa, ya ce sai sun ƙare zai sake bango. Ita ma telar ba ta tsira gaba ɗaya ba, don wani dattijo a cikinmu ya ɗaga littafinta ya nuna mana cewa ƙofar zauren nata a waje take buɗewa, ga kuma inuwar yarinyar ta faɗi ta ɓangaren da rana take.